Jaguar: Fim ɗin da Ya Nuna Daɗin Birni a Idon Ɗan Ci-rani

Da zarar an gama girbi, an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, sai ƙauyuka su fara raguwa da samari. Wannan ya nufi Kano, wancan Legas, wani Kwatano ko Abijan, wani kuma Kumasi. Ana ce da wannan tafiya ci-rani, a waɗansu wurare na ƙasar Nijar kuwa a ce bida. Ba gidan da bai san ta ba, ba kuma majami'ar ƙauyen da ba ta taɓa ganin bencin maza ya zama wayam tun daga watan Nuwamba har faɗuwar ruwan fari ba. Abin da ba a cika son faɗa a fili ba shi ne, da yawa cikin masu tafiyar nan suna jin daɗin birnin da suka je, har in sun dawo su riƙa ɗokin komawa. Akwai wani tsohon fim da ya faɗi wannan magana ba tare da jin kunya ba, sunansa Jaguar. Ya kamata masu bi su dube shi da kyau, gama ya faɗi gaskiyar da wa'azi ya daɗe yana kauce mata, ya kuma ɓoye wata gaskiyar da kowace uwa ta sani.

Wanda ya yi fim ɗin wani Bafaranshe ne, Jean Rouch, ana faɗin sunan Jan Rush. Ya zo Nijar a 1941 yana injiniyan hanya, a nan ya haɗu da Damure Zika, ɗan gidan Sarkawa masunta na bakin kogin Kwara, suka ƙulla abotar da ba ta yanke ba sai da mutuwa. Rush ya rasu a 2004 cikin haɗarin mota kusa da Birnin Konni, aka binne shi a Yamai, Damure kuma ya bi shi a 2009. An ɗauki hotunan Jaguar a 1954 da 1955, sa'ad da ƙasar Gana take Gwalkwas ƙarƙashin Ingilishi, amma fim ɗin bai fito ba sai 1967. Tsawonsa kimanin awa ɗaya da rabi ne.

Sai an san yadda aka yi shi kafin a gane daɗinsa. Na'urar ɗaukar hoton da Rush ya yi aiki da ita irin wadda ake wanawa da hannu ce kamar agogo, ba ta kai rabin minti tana aiki sai ta tsaya, ba ta kuma ɗaukar murya. Saboda haka aka dawo da hotuna bebaye. Bayan 'yan shekaru aka zaunar da Damure da abokinsa Lam a gaban majigi, aka ce su yi magana a kan abin da suke gani. Maganar da ake ji a mafi yawan fim ɗin ke nan: mutum biyu suna kallon kansu suna tuna baya, suna yi wa juna ba'a, suna cika baki, wani lokaci ma suna musu a kan abin da ya faru. Rashin kayan aiki ne ya jawo haka, amma sai ya zama gobarar Titi. Duk wanda ya taɓa zama a dandali ya ji ɗan ci-rani yana ba da labarin Kurmi, da ƙarin gishirinsa da rantse-rantsensa, zai gane muryar nan take. Da Bature ne ya tsaya yana bayani da muryar malamin makaranta, da fim ɗin ya mutu tun a shekarar da ya fito.

Labarin ya tashi daga kasuwar Ayoru a bakin kogi. Samari uku suka yi shawarar tafiya Gwalkwas neman kuɗi: Lam Ibrahim, Bafillace makiyayi, Illo, masunci, da Damure, wanda ya ɗan yi boko, mai son ado da hira da 'yan mata. Kafin su tashi suka je wurin boka ya duba musu hanya, ya ce in sun shiga ƙasar su rabu, kowa ya kama gabansa. Mai bi ba zai ji daɗin wannan wuri ba, amma ba dalilin a runtse ido, gama har yau akwai samarin da ke fita daga sujada ranar Lahadi su biya a ba su laya ranar Litinin kafin su hau mota. Suka bi ta arewacin Dahome, wadda a yau ake kira Benin, suka iske Sombawa a cikin duwatsunsu, mutanen da a lokacin ba su damu da sutura ba. Damure ya yi ta mamaki da dariya, sai Lam ya tsawata masa, ya nuna masa cewa mutanen kirki ne, haka Allah ya ga dama ya ajiye su. Ɗan guntun wurin nan ya fi dogon wa'azi a kan ƙaunar maƙwabci. Daga nan suka kai bakin teku, ruwan da ba a ganin gaɓarsa ta ƙetare. A kan iyakar Togo da Gwalkwas ma'aikata suka nemi takardu, ba su da ko ɗaya, aka mai da su baya. Sai kawai suka zaga ta bayan ofishin, suka bi rairayin bakin teku suka shige.

Dukan wannan sharar fage ce. Fim ɗin ya tsaya da ƙafafunsa ne a Akara, birnin da Hausawan can ke kira Ankara. Damure ya sami aikin lebura a wurin sayar da katako. Ba a daɗe ba maigidan ya lura yana iya karatu da lissafi, sai ya ɗora shi a kan sauran. Jiya yana ɗaukar katako a ka, yau ga shi da littafi da fensir yana daka wa mutane tsawa. Sai ga wurin da kowa ya fi tunawa: Damure yana tafe a titin Ankara da baƙin tabarau, taba a baki, yana taku ɗaiɗai, yana duban dama da hagu, mutane na kallonsa shi kuma yana kallonsu, muryarsa tana bayyana wa mai kallo abin da ake nufi da zama jagwa. Sunan wata motar Ingila ce mai tsada, samarin lokacin suka ɗauke shi suka liƙa wa duk wanda ya waye, ya iya ado, ya iya tafiya. Yana zuwa sukuwar dawaki, yana zuwa gidan rawa, yana shiga taron jam'iyyar Kwame Nkrumah, wadda ta ci zaɓen 1954, shekara uku kafin ƙasar ta sami mulkin kai a 1957.

To, mene ne ainihin abin da ya kama zuciyar saurayin nan? Mai gaggawa zai ce kuɗi ne da mata da kiɗa. Suna ciki, ba a musu. Amma wanda ya kalli fuskar Damure da kyau a titin nan zai ga wani abu dabam. A Ayoru kowa ya san ubansa da kakansa, an san sana'ar gidansu, an san inda zai zauna a taro da wanda zai durƙusa wa, an san 'yar gidan da ba za a ba shi ba ko da ya kawo raƙumi goma. A Ankara ba wanda ya tambaye shi ɗan wane ne. Abin da hannunsa da kansa suka iya aka duba, aka ba shi matsayi a kan haka. Ya tafi neman kuɗin haraji da na aure, sai ya tsinci wani abin da bai fita nema ba, watau sararin da mutum zai gwada kansa ya ga iyakar ƙarfinsa. Wannan daɗi na gaske ne, ba kuwa zunubi ba ne a kansa. Ɗan maƙera ko ɗan mahauta ko jikan bayi da ya taɓa ɗanɗana shi ba zai yarda a gaya masa cewa ruɗin Shaiɗan ne kawai ba.

Fim ɗin bai ce kowa ya zama jagwa ba, nan ma ya yi adalci. Illo bai san baƙi ba, sai ya ƙare a bakin ruwa yana dako. A lokacin Ankara ba ta da tashar da manyan jirage za su matso, sai su tsaya can nesa a kwaso kaya cikin kwale-kwale, 'yan dako su ɗauka a ka su hau da su tudu; tashar Tema ba a buɗe ta ba sai 1962. Ana kiran irin su Illo kayakaya, kalmar da ta fito daga kaya na Hausa. Ƙauye ɗaya suka fito, rana ɗaya suka shiga gari, amma 'yan shekarun da ɗaya ya yi a aji suka raba su kamar sama da ƙasa. Iyayen da ke cire yaro daga makarantar mishan don ya bi awaki su dubi wannan wuri sau biyu. Lam kuwa ya bi garken shanu ya shiga Kumasi, ya zauna a babbar kasuwa yana koyon saye da sayarwa. Daga baya suka sake haɗuwa a can, har da wani ɗan ƙasarsu, Duma, da ya yi aiki a ramin zinariya, suka buɗe rumfar 'yan kayan koli. Sunan da suka sa wa rumfar abin dariya ne ga wanda ya ji Faransanci: sun ɗauki karin maganar da ke cewa sannu sannu tsuntsu ke gina sheƙarsa, suka mai da sheƙar ta zama hula. Hotunan kasuwar Kumasi su ne mafi kyau a fim ɗin duka, rumfunan kwano iyakar ganin ido, jama'a kamar tururuwa, kowane harshe ana jinsa, su kuma 'yan Ayoru suna kiran masu saye kamar a nan aka yanke musu cibiya.

A nan ne fim ɗin ya taɓa ikilisiya. Shekara da shekaru, in lokacin ci-rani ya yi, labari ɗaya ake jawowa a bagade, watau misalin ɓataccen ɗa na Luka sura 15. A haɗa da Kayinu wanda ya fara gina birni, da hasumiyar Babila, da Saduma, shi ke nan an gama shari'ar birni. Saurayi yana zaune yana ji, jakarsa tana ɗaure a gida. Ya san yayansa ya je Kumasi bai ci abincin aladu ba, da kuɗin da ya aiko ma aka sayi kwanon rufin majami'ar da ake wa'azin a ciki. Me zai ɗauka? Zai ɗauka cewa mai wa'azi bai san abin da yake faɗa ba, in kuwa bai san wannan ba, wa ya sani ko ya san sauran? Abin mamaki kuma, misalin kansa bai ambaci birni ba ko sau ɗaya. Wata ƙasa ce can nesa, wurin da yaron ya ƙare kuwa saura ce inda ake kiwon aladu, abin da ya fi kama da ƙauye. Laifinsa almubazzaranci ne da juya wa ubansa baya, mutum kuwa yana iya yin wannan bai ko ƙetare gonar gidansu ba.

Littafi Mai Tsarki yana da wata fuskar da ba a cika buɗewa ba. Yunusa ne ya ƙi Nineba, Allah kuwa ya ji tausayinta saboda yawan mutanenta, har da dabbobinta. Irmiya, a sura 29, ya aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila wasiƙa cewa su zauna su yi gini su yi shuka, su kuma yi wa birnin addu'a. Bulus da kansa matafiyi ne mai sana'a. Da ya isa Koranti, birnin ciniki mai tashoshin jiragen ruwa, sai ya sauka a gidan Akila da Bilkisu domin sana'arsu ɗaya ce, ɗinkin tanti, ya zauna shekara ɗaya da wata shida. A Antakiya, babban birni, aka fara kiran almajirai Kirista. Wahayin Yahaya kuma da birni ya rufe littafin duka. Rush ba mai wa'azi ba ne, bai kuma yi fim ɗinsa don ikilisiya ba, amma Damurensa ya fi kusa da wannan fuska ta biyu fiye da wa'azin watan Nuwamba.

Sai dai yabon ya tsaya nan, gama fim ɗin yana da nasa ha'inci. Samarin nan uku ba 'yan ci-rani ba ne irin na kullum. Abokan aikin Rush ne, tare da shi suka yi tafiyar yana binciken masu zuwa Gwalkwas daga arewa, binciken da ya buga a 1956. Wasa suke yi, suna kwaikwayon abin da suka gani a wurin waɗansu. Wanda ke tafiya da Bature mai mota da guzuri a bayansa ba zai san daren da ɗan ci-rani ke kwana a tasha da yunwa ba. Shi ya sa a fim ɗin ba wanda ya yi ciwo, ba wanda aka sace wa kuɗi, ba wanda ɗan sanda ya kama, ba wanda ya mutu aka binne shi ba dangi. Rush ya san wannan gefe sarai. A tafiyar nan ɗaya ya ɗauki Les Maîtres fous, fim ɗin 'yan borin Hauka na Ankara, leburori 'yan arewa da ke fita bayan gari su hau iskokin gwamna da hafsoshin soja, kumfa na zuba a bakinsu. A 1958 kuma ya fito da Moi, un Noir, inda Umaru Ganda, wanda daga baya ya zama babban mai shirya fim na Nijar, ya nuna zaman ɗan dako a unguwar Treichville ta Abijan, zaman da ya cika da gajiya da ɗacin rai. Ashe kuwa ya raba gaskiyar kashi-kashi ne, ya zuba zaƙin a ƙwarya ɗaya, ɗacin a wata. Wanda ya ga Jaguar kaɗai ya sha farau-farau ne bai kai ga gari ba.

Akwai kuma waɗanda ba a ba su baki ba. Hausawa sun riga su Damure sanin wannan hanya da ɗaruruwan shekaru, tun zamanin fataucin goro na Gwanja da kasuwar Salaga. Su suka kafa zango a Kumasi da Ankara, inda baƙo ke sauka a hannun maigida, a ba shi wurin kwana, a nema masa aiki, a ajiye masa kuɗinsa. Ba don wannan tsari ba, da birni ya haɗiye baƙo tun a makon farko. Fim ɗin ya wuce ta kansa da sauri, sai ka ce wayon mutum ne kaɗai ke fid da shi. Mata kuwa ado ne kawai a cikinsa, 'yan matan da ake yi wa kallo a hanya da gidan rawa. Matar da aka bari a Ayoru da goyo da tsohuwar suruka da rumbun da ba zai kai bazara ba, ba a ji ta bakinta ba ko kalma ɗaya. Usman Sembene na Senegal ya taɓa zargin Rush a 1965 da cewa yana duban 'yan Afirka kamar yadda ake duban ƙwari. A kan Jaguar zargin ya yi tsanani, gama a nan mutanen suna magana da bakinsu, suna ma yi wa Turawa dariya. Amma maza ne ke maganar, samari masu lafiya, waɗanda suka dawo.

Dawowar ita ce wuri na ƙarshe mai ƙarfi. Da damina ta gabato suka kwashe rumfa, suka hau babbar mota da kayansu, suka koma gida. Abin da suka tara cikin watanni suka rabar da shi a yini guda, wannan yadi, wancan turare, wata kallabi, har hannunsu ya koma wayam. Lam ya koma bayan shanu, Illo ya koma kwale-kwalensa. Rush yana ganin wannan abin burgewa ne, yana kwatanta su da mayaƙan Zabarmawa irin su Babatu da suka tafi kudu a ƙarni na 19 suka yi suna. Lalle akwai kyau a ciki, gama dukiyar da ba ta shiga hannun dangi ba a ƙauye ba a lissafa ta dukiya. Amma mai kallo da ya san ƙauye zai ga abin da fim ɗin bai faɗa ba: wanda ya rabar da kome a yini ɗaya dole ne baɗi ya sake ɗaukar jaka. Kuma wanda aka taɓa kira jagwa a titin Ankara, da wane ido zai dubi tabarmar da ake shimfiɗa masa a bayan manya? Fim ɗin ya rufe da murna kafin wannan tambaya ta taso.

Zamani ma ya yi wa fim ɗin gyara. Shekara biyu bayan fitowarsa, a watan Nuwamba 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana. Dubban 'yan Nijar da 'yan Nijeriya da na Haute-Volta, wadda ta zama Burkina Faso, suka fito da abin da suka iya ɗauka, har da waɗanda a zango aka haife su. A 1983 Nijeriya ta yi irin wannan kora, a wannan karo mutanen Gana ne suka fi yawa a kan hanya. Wanda ya san wannan tarihi ba zai iya kallon wurin da samarin suka zaga bayan ofishin kan iyaka suna dariya ba sai da wani nauyi a ƙirji.

Maganar fim ɗin da Faransanci take, saboda haka in za a nuna shi a taron matasa ko na zumuntar mata, sai an sami mai fassara. Amma tun da yake hotunan bebaye aka ɗauko su tun asali, akwai hanyar da ta fi fassara. A rage muryar, a zaunar da dattawa biyu da suka yi Kurmi a ƙuruciyarsu a gaban majigin, su faɗi abin da suke gani kamar yadda Damure da Lam suka yi. A gefensu kuma a ajiye kujera ta uku domin tsohuwar da ta yi jiran ɗayansu.